Fatar Ruwa

A Kuriko ta ƙasar Chile, bayan an gama tsinkar inabi,
kakata Ermelinda kan ɗora wuƙa a jikin itacen kilai,
ta yanko ɓawo tsawon tafin hannu, ba ta ƙarawa.
"Itace ma yana jin kunyar tsiraici," in ji ta,
ta shafe masa ciwon da laka kafin mu kama hanyar dawowa.

Ta jiƙa shi a tsohon baho, ta kaɗa da hannu,
kumfa ta taso fara fat, ba ƙamshi, sai ɗaci mai sa atishawa.
Da ita take wanke ulun tumaki, da bargon kakana,
da kaina ranar Asabar,
ina ihu, tana tsawa.

Yau shekara talatin ke nan.
Ina Konsepsiyon, hawa na uku, cikin farar riga,
gabana allura ta rataye ɗigo ɗaya tak.
Kyamara na kallon sa, ni ina kallon kyamara,
a waje iskar teku ta sa taga rawa.

Kaka, ga abin da na gano, da ma kina kusa.
Ƙwayar da ke cikin ɓawonki mai zuciya biyu ce.
Tsakiyarta zobba biyar, a manne, a sandare kamar ƙyaure,
dangin maiƙo ce, ba ta ga maciji da ruwa.
Amma an ɗaura mata jelar sukari nan, an ɗaura can,
su kuwa in ba a jiƙe ba, ba su san daɗin rayuwa.

To ina za ta zauna?
Ƙasa ta ƙi rabinta, sama ta ƙi ɗaya rabin.
Sai ta haura kan iyaka, inda iska ke gaisawa da ruwa,
ta kwanta, bayanta a bushe, ƙafafu biyu a tsome.
'Yar'uwarta ta zo ta raɓa, sukari ya riƙe hannun sukari,
wata ta zo, wata ta zo,
har su jeru kamar jan rufin gidanmu, ba kafar yoyo, ba tsagewa.

In saman ya cika maƙil, na baya ba sa faɗa.
Su dunƙule a ciki, maiƙo a ɓoye, zaƙi a fili,
su rungume dauɗar ulu a tsakiya, su tafi da ita.
Ashe wankinki ke nan,
ke da ba ki taɓa riƙe alli ba, balle rubutawa.

Baldomero, abokin aikina, ya kawo saiwar yuka daga Meziko.
Tata ƙwayar wani gini ne daban, ba ta son cuɗanya,
kowa tsaye a turkensa, ba mai riƙe maƙwabci.
Kumfarta takan taso da fankama,
a taɓa fatar kaɗan, sai zamewa.

Na rubuta lamba: saba'in da biyu ya sauko wajen arba'in.
Ruwa ya sassauta damƙar da yake yi wa kansa.
Wannan za a buga a mujalla, a yi ta tattaunawa.

Abin da ba zan buga ba shi ne na daren jiya.
Na zuƙe ɗigon baya kaɗan da allura.
Da ruwa zalla ne, da ya tsuke sumul, ba alama.
Wannan kuwa ya tattare, ya yi tamoji siri-siri,
na matso da fuska, na ƙara girman hoto,
sai ga bayan hannunki, Kaka,
ranar da kika fito da shi daga baho, yana ɗiga, yana kyarma,
kika share mini kumfa daga ido, kin daina tsawa.

Mai gadi ya leƙo, ya ce ƙarfe goma ta gota.
Na ce ya ba ni minti biyar.
Ya kashe fitilar baranda, ya tafi yana tari.
Ɗigon na nan a rataye, ya tsufa a bakin allura,
ni kuma na kasa sa hannu, na kasa gogewa.